Cokali na Sha Biyu

Ranar Juma'a, kafin ladan ya kira,
nakan gangara layin ƴan tsohon ƙarfe,
inda Ɗan Jimma ke zazzage buhunsa a ƙasa:
makullan da ƙofofinsu suka mutu,
fitila ba ƙwai, murfi ba tukunya.
Ba na taya abu sai na juya bayansa.
In na ga tambarin nan, itacen gawo da harafi biyu,
sai in haɗiye yawu, in ɗaure fuska,
in ce, "Nawa wannan tarkacen?"

Otal Gawo. Yau wurin faci ne da gyaran babura.
A zamanin gyaɗa, da buhuna suka fi soraye tsawo,
nan Anasaran kamfani ke cin abincin dare,
nan ubana Naino ya yi shekara sha tara
cikin farar riga mai maɓallan tagulla,
tire a tafin hannu ɗaya,
yana ratsa tabura kamar mai ƙetare Gulbi da ƙwai a ka.

Ga abin da shekara talatin ta tara mini:
butar gahawa mai lotsattsen kumatu,
jika biyu na biya mai shayi a Tibiri;
kwanon miya da wata tsohuwa a Bagalam
ke ba kajinta ruwa a ciki;
ɗan hantsakin ɗaukar sukari
da wanzami ya mayar na cire ƙaya.
Sai cokulan shayi, sha ɗaya.

Hurera ta ce na mai da ɗakinta maƙera.
Arzika maƙeri ya kankare gindin butar da ƙusa,
ya ƙyalƙyale: "Ruwan azurfa ne, Malam,
fata ce kawai, ciki jan ƙarfe."
Na sani tun tuni.
Ba a sikeli nake saye ba.

Kowane dare sai an ƙirga, in ji Baba.
Madam a zaune da littafi, boyi-boyi a tsaye,
wuƙa, mai yatsu, cokali, dozin-dozin.
Wani daren damina aka ƙirga sau uku.
Sha ɗaya.
Aka juye aljihunsa gaban yaran da ya koya wa aiki.
Ya rantse, rantsuwa ba ta shiga littafi ba.
Ya ninke farar rigar, ya aza a tabur,
ya fito cikin ruwan sama da singileti.
Daga ranar har ya koma ga Mai shi
hannunsa bai sake taɓa cokali ba.

Shi nake nema. Na sha biyun.
Na ce in na gano gidan da ya kwana,
zan san sunan ɓarawo,
in kai wa Baba labari a kushewa.

Bara Inna ta rasu.
Bayan sadakar bakwai aka buɗe adudunta.
Ƙarƙashin zanen saƙi, a ƙulle cikin tsumma,
ga shi nan, baƙi ƙirin.

Gwaggo Tabawa ce ta yi magana, ido a ƙasa:
"Shekarar baƙon dauro, kana da wata goma sha huɗu,
bakinka ya ƙi buɗuwa.
Ludayi ya yi girma, koshiya ta yi kauri.
Ta kai wa ubanka fura ta ƙofar baya,
ta gan shi a taga yana shan iska.
Kwana tara tana ɗiga maka kunu da shi.
Ta ce in ka tashi za ta mayar.
Ka tashi ran Laraba. An kore shi ran Talata."

Shekara arba'in tana tuƙa masa tuwo,
tana zuba masa ruwan wanke hannu.

Sha ɗayan na goge su da toka da lemun tsami,
suna kwance a jere, suna ƙyalli.
Gurbi ɗaya na nan fili.
Wannan ban goge shi ba.
A bakinsa akwai ɗan wuri da ruwan azurfa ya ci,
daidai faɗin haƙora biyu,
jan ƙarfen ya leƙo.